Lektin

Lektin wani rukuni ne na furotin da ke manne wa sukari. Kowane lektin yana da irin sukarin da yake ganewa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗonsa kaɗai. Ana samunsa a jikin tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin cuta, amma ya fi yawa a cikin iri na dangin wake.

Tarihi

A shekarar 1888 Peter Hermann Stillmark, ɗalibi a jami'ar Dorpat da ke ƙasar Istoniya ta yau, ya gano cewa wani sinadari daga 'ya'yan zurma yana sa jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule. Ya raɗa masa suna risin. A 1954 William Boyd na Amurka ya ƙirƙiro sunan lektin daga kalmar Latin mai nufin zaɓa.

Yadda yake kama sukari

A bayan kowace ƙwayar halitta akwai sarƙoƙin sukari. Lektin yana da ɗan gurbi wanda siffarsa ta dace da sukari iri guda, inda haɗin haidirojin ke riƙe su. Lektin na dangin wake yana buƙatar kalsiyam da manganis kafin gurbin ya daidaita. Riƙon gurbi ɗaya ba shi da ƙarfi, amma yawancin lektin suna da gurbi biyu zuwa huɗu, saboda haka suke iya haɗa ƙwayoyi da yawa wuri guda. Lektin na gyaɗa yana kama galaktos. Wannan zaɓe ne ya sa ake amfani da wasunsu wajen tantance rukunin jini.

A ƙasar Hausa

Wake da gyaɗa da zurma suna cikin amfanin gona da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ke bincike a kansu, kuma duka suna ɗauke da lektin. Na waken suya yana manne wa bangon hanji idan aka ci shi ɗanye, ya rage amfanin abinci ga jiki. Zafi yana lalata siffar furotin ɗin, shi ya sa tafasa madarar awara da dafa wake sosai suke kawar da illar.

Zurma da idon zakara kuwa guba ne. Ɓangare ɗaya na risin yana kama galaktos ya buɗe hanya, ɗayan ya shiga ƙwayar ya tsayar da ƙera furotin. Tauna 'ya'yansu na iya kisa, musamman ga yara.