Tuta Ɗaya, 'Yan Wasa 35: Yadda Aka Ɗora Sulhun Koriya a Wuyan 'Yan Mata

Ranar 25 ga Janairun 2018, 'yan mata 12 daga Koriya ta Arewa suka tsallaka iyakar da ta raba ƙasarsu da Koriya ta Kudu, aka sauke su a sansanin horar da 'yan wasa na Jincheon. A can suka tarar da 'yan mata 23 na Kudu, waɗanda suka shafe shekaru suna shirin gasar Olamfik ta lokacin hunturu da ƙasarsu za ta karɓi baƙuncinta a Pyeongchang. Saura kwana 16 a buga wasan farko, kuma an riga an yanke hukunci cewa su 35 ɗin ƙungiya ɗaya ce. Shugabanni suka yanke, ba a kuwa nemi shawarar 'yan wasan Kudu ko ta mai horar da su ba.

Kafin a gane nauyin wannan hukunci, sai an san wasan. Mutumin Dutse ya san ƙanƙara a cikin leda, wadda ake rububi da azumin bazara, ya kuma san hunturun Janairu da ke sa a kwana kusa da wuta. Amma bai taɓa ganin tafki ya daskare har a yi tafiya a kansa ba. Hokin ƙanƙara a kan irin wannan daskararren fili ake yin sa, mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna zamiya da gudu, suna kora wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda mai lanƙwasa. Zagaye uku ake yi, kowane minti 20. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya a fili bai fita ya huta ba, don haka ƙungiya a kashe take rukuni-rukuni, wannan ya fita wancan ya shiga, wasa bai tsaya ba. Kowane rukuni kuwa kamar masu lugude ne a turmi ɗaya: idan ɗaya ta saɓa lokaci, taɓare su haɗu. Irin wannan sabo shekaru ake yi ana gina shi.

Mata sun daɗe suna wannan wasa a Kanada da Amurka, amma sai 1990 aka yi masu gasar duniya ta farko a birnin Ottawa, sai kuma 1998 aka shigar da su Olamfik a Nagano ta Japan. Koriya ta Kudu tana can baya ƙwarai. A gasar Asiya ta 2007 Japan ta ci ta 29 da nema. Har zuwa 2018 babu wata jami'a ko wani kamfani a ƙasar da ke da ƙungiyar hoki ta mata. Ƙungiyar ƙasa ita ce kaɗai, idan kuma tana son gwada ƙarfinta sai ta kara da yara maza 'yan sakandare. Han Soo-jin kiɗan fiyano ta karanta a Jami'ar Yonsei kafin ta ajiye shi saboda hoki. Mai tsaron raga Shin So-jung sai da ta tafi wata jami'a a Kanada don ta sami inda za ta buga wasa na gaske.

Da aka bai wa Pyeongchang gasar, sai hukuma ta tashi tsaye don gudun jin kunya a gida. A 2014 aka ɗauko Sarah Murray, mai shekara 26, ɗiyar wani sanannen mai horarwa na Kanada, aka damƙa mata ƙungiyar. Aka kuma nemo 'yan asalin Koriya da suka tashi a ƙetare, irin su Randi Griffin, wadda ta buga wa Jami'ar Harvard, da Marissa Brandt, wadda wasu iyali a Minnesota suka ɗauke ta riƙo tun tana jaririya. Aikin ya yi albarka. A watan Afrilun 2017, a garin Gangneung, suka cinye wasanninsu biyar a rukuninsu na gasar duniya, ciki har da ci 3 da nema da suka yi wa Koriya ta Arewa.

Wannan ci yana da tarihi a bayansa. A farkon shekarun 2000 Arewa ce mai ƙarfi, kuma a gasar Asiya ta 2003 a Aomori ta lallasa Kudu 10 da nema. A cikin 'yan Kudu a ranar akwai Hwangbo Young, wadda ta taɓa yin hoki a Arewa kafin iyalinta su tsere. Tsofaffin abokan wasanta suka ƙi gaisawa da ita, domin a wurinsu maciya amana ce. Haka zaman yake tun da aka raba ƙasar a 1945, aka yi yaƙin 1950 zuwa 1953 wanda aka tsagaita ba tare da yarjejeniyar zaman lafiya ba. Duk da haka, wasa ya taɓa haɗa su. A 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, ƙasashen biyu suka tura ƙungiya ɗaya gasar duniya ta ƙwallon tebur a Chiba, kuma matansu suka doke Sin suka ɗauki zinare. Amma a wancan karon haɗuwar ƙarfi ta ƙara, don kowane ɓangare yana da gwanaye na duniya, an kuma ba su makonni suna atisaye tare.

Shekarar 2017 ta zo da fargaba. A watan Satumba Arewa ta yi gwajin makamin nukiliya karo na shida, a Nuwamba ta harba makami mai linzami da ta ce zai iya isa ko'ina a Amurka, Donald Trump da Kim Jong-un kuma suna ta jifar juna da baƙar magana. Wasu ƙasashe sun fara tambaya ko lafiya ce a tura 'yan wasa Pyeongchang, mai nisan kilomita 80 kacal daga iyaka. Kwatsam, a jawabinsa na sabuwar shekara, Kim ya nuna yana son tura tawaga. Shugaban Kudu Moon Jae-in, wanda dama yake neman kafa, ya karɓa hannu bibbiyu. Ranar 20 ga Janairu aka kammala magana a Lausanne gaban Kwamitin Olamfik na Duniya: za a ƙara 'yan Arewa 12 a kan 23 na Kudu, amma 22 kaɗai za su sa riga a kowane wasa, kuma dole aƙalla uku su zama 'yan Arewa. Lissafin a fili yake. A kowane wasa 'yan Kudu huɗu za su zauna kallo.

Me ya sa aka zaɓi mata? Kudu tana da ƙungiyar hoki ta maza a gasar, ba wanda ya taɓa ta. Firaminista Lee Nak-yon ne ya faɗi dalilin da bakinsa, inda ya ce ai dama matan ba sa cikin masu neman lambar yabo, tunda Kudu ce ta 22 a duniya, Arewa ta 25. Bayan 'yan kwanaki ya nemi afuwa, amma magana zarar bunu ce. Ya bayyana abin da kowa ya gane: gwamnati na neman abin da za ta bayar don sulhu, sai ta duba ta ɗauko wanda take ganin ya fi araha. Matasan Kudu ba su ji daɗi ba. Su da suka tashi cikin gasar neman aiki mai tsanani, abin da suka gani shi ne mutum ya yi wahala ya sami gurbi, wani babba ya ƙwace ya ba wani. Farin jinin Moon ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin ɗari a karon farko tun hawansa. Murray ma ta fito ta ce 'yan wasanta za su cutu, ko da yake ta karɓi aikin, da sharaɗin ita za ta zaɓi wadda za ta shiga fili.

A Jincheon sai wata matsala ta ɓullo wadda ba a yi zato ba: ba sa jin maganar juna a fili. Harshe ɗaya ne, amma shekara 70 na rabuwa sun yi aikinsu. 'Yan Kudu sun ari kalmomin wasan daga Turanci, 'yan Arewa kuwa ƙirƙiro nasu suka yi daga harshen Koriya. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san irin wannan: Bahaushen Najeriya ya ce makaranta da malam, ɗan'uwansa na Nijar ya ce lakwal da mushe, kowa da inda layin Turawa ya bar shi. Bambancin shi ne mutanen Maigatari suna haɗuwa kowane mako, sun saba da bakin juna. Waɗannan 'yan mata sai da aka rubuta masu ɗan ƙamus na 'yan shafuka. Mai horarwa kuma Turanci take yi, wasu daga cikin waɗanda suka zo daga Amurka da Kanada ma harshen Koriya bai zauna a bakinsu ba. Tare suke cin abinci, amma masaukin 'yan Arewa daban yake, da jami'ansu a kusa.

Daren buɗe gasar, 9 ga Fabrairu, ya ba shugabanni hoton da suke so. Tawagogin biyu suka shigo ƙarƙashin farar tuta mai taswirar Koriya da shuɗi. Park Jong-ah ta Kudu da Jong Su-hyon ta Arewa, dukansu 'yan hoki, suka hau matakala riƙe da wutar Olamfik tare. A wannan daren ne kuma tutar Najeriya ta fara shiga Olamfik ta hunturu, kuma mata huɗu ne tawagar: Seun Adigun, Ngozi Onwumere, Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo.

Washegari aka koma ga wasa. Moon, da Kim Yo-jong ƙanwar shugaban Arewa, da Thomas Bach shugaban Kwamitin Olamfik suna zaune, 'yan matan Arewa masu kirari suna rera waƙa da jajayen kaya, Suwizalan ta zura takwas babu ko ɗaya. Alina Müller ita kaɗai ta ci huɗu, kuma da ba don Shin So-jung ta tare fiye da 40 ba, da abin ya fi haka muni. Suwidin ma ta ci takwas. Ranar 14 ga wata, a karawa da Japan, ƙasar da ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945, Marissa Brandt ta miƙa wa Randi Griffin, ita kuma ta buga wani ɗan bugu marar ƙarfi wanda ya silale tsakanin ƙafafun mai tsaron raga. An tashi 4 da 1, amma filin ya ruɗe kamar an ci kofi. Han Soo-jin ta ƙara na biyu a wasan ƙarshe da Suwidin. Wasa biyar, an sha kashi biyar, an ci su 28 sun ci biyu.

Da 'yan Kudu sun buga su kaɗai, da wuya sakamakon ya canja sosai, domin tazarar da ke tsakaninsu da Suwizalan ba ta 'yan wasa uku ba ce. Wannan ya gaskata lissafin Firaminista, amma bai wanke shi ba, don wadda ta zauna a benci a Olamfik ɗin da ƙila ba za ta sake gani ba, ba lambar yabo ta rasa ba. Abin da ba a lissafa da shi ba shi ne shaƙuwa. Ranar 26 ga Fabrairu, da motar 'yan Arewa za ta tashi, kuka aka yi ta yi, ana miƙo hannu ta taga. Doka ba ta ba su damar kiran juna a waya ko aika wasiƙa ba.

Na ɗan lokaci abin ya yi kamar zai ɗore. Moon da Kim suka gana a Panmunjom ranar 27 ga Afrilu, Trump da Kim suka gana a Singafo a watan Yuni, a watan Agusta kuma wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata masu tseren kwalekwale ta ci zinare a gasar Asiya a Indunusiya. Daga nan sai tattaunawar Hanoi ta watse a Fabrairun 2019. A Yunin 2020 Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna na Kaesong da nakiya, a farkon 2024 kuma Kim ya bayyana cewa ƙasarsa ta daina neman haɗewa da Kudu.

Ita Murray ba ta kai ƙarshen 2018 a kan aiki ba, bayan saɓani tsakaninta da 'yan wasanta ya sa ba a sabunta mata kwantiragi ba. A watan Disamban shekarar, birnin Suwon ya kafa ƙungiyar hoki ta mata mai biyan albashi, irinta ta farko a Koriya ta Kudu, kuma da dama daga 'yan wasan Pyeongchang can suka koma. A garin na Suwon ne, a Afrilun 2023, ƙungiyar ƙasar ta cinye wasanninta duka ta hau rukuni na biyu mafi girma a gasar duniya.