Gubar Da Aka Samu A Jinin Sala

Ran 21 ga Janairu, 2019, da dare, wani ƙaramin jirgin sama ya tashi daga Nant ta Faransa za shi Kadif ta Birtaniya. Mutum biyu ne ciki, matuƙi da Emiliano Sala, ɗan ƙwallo mutumin Ajantina. Suna bisa teku jirgin ya faɗi. Cikin Fabrairu aka tsamo gawar Sala, ta matuƙi kuwa ba a same ta ba.

Da likitoci suka auna jinin Sala, sai suka tarar kashi 58 cikin 100 na abin da ke ɗaukar iska cikin jini ya kamu da wata guba, watau kabon monoksaid. Ita ce takan kashe mai kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan kawo jiri, sa'an nan suma.

Cikin Maris, 2020, masu bincike na Birtaniya suka ce matuƙin ba shi da iznin tuƙin dare, amma ga alama shi ma gubar ta jirkita shi. Suna zaton daga bututun hayaƙin inji ta yoyo, ta bi iskar ɗumama jirgi. Sabo da haka suka nemi a tilasta sa na'urar gargaɗi cikin irin waɗannan jirage.