Harafi Ɗaya Da Ya Ci Mini Kwana Uku: Tarihin Dokar Suna A Java

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata 'yar doka da ta taɓa hana ni barci.

Bara ina haɗa wa matasan unguwarmu shafin rajistar koyon sana'a da yaren Java. Gurbin adireshin imel na sa masa suna eMail, umarnin da ke ɗauko shi kuma getEMail. Kowane gurbi yana fitowa lafiya lau, wannan kaɗai shafin ya ce sam bai san shi ba. Ranar rufe rajista tana matsowa, yara suna ta bugo mini waya. Kwana uku ina zargin kwamfutata, ashe laifin ya samo asali tun 1997.

To ga yadda abin yake. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da Java a 1995. A 1997 ya fitar da kundin ƙa'idojin JavaBeans wanda Graham Hamilton ya tace. Burinsu a lokacin shi ne mutum ya jawo maɓalli ko akwatin rubutu ya ajiye a allo, manhaja ta gano siffofinsa da kanta. Ta yaya za ta gano? Ta sunayen umarni. In ta ga getSuna, sai ta cire get, ta ƙanƙanta harafin farko, ta ce akwai siffa mai suna suna.

Amma fa sun saka togaciya. Saboda gajerun sunaye irin URL, suka ce in haruffa biyun farko duk manya ne, a bar sunan yadda yake, kar ya koma uRL. Kun ga inda na faɗa? getEMail ɗina, E babba, M babba. Java ta karanta shi EMail, ni kuwa shafina eMail yake nema. Ina kiran Audu, ita ta san shi da Abdu.

Daga baya JSP da Struts da Spring duk suka gaji wannan doka don haɗa shafi da bayanai. Oracle ya sayi Sun a 2010, dokar tana nan daram, domin taɓa ta zai rushe tarin manhajojin da aka gina a kanta.

Gyaran fa? Na mayar da sunan email, umarnin ya zama getEmail. Ko minti biyu bai ɗauka ba, aka yi rajista a kan lokaci.

Abin da nake so 'yan uwana masu koyon wannan sana'a su riƙe: muna yawan kwafo aiki daga bidiyo ba tare da sanin dalilinsa ba, ranar da ya ƙi aiki sai mu tsaya cik. Ku guji suna mai ƙaramin harafi ɗaya tak kafin babba, kuma ku riƙa leƙa kundin ƙa'ida na asali. Sai mun haɗu a shiri na gaba.