Waƙoƙin Mamman Shata: Waɗanda Suka Yi Fice da Waɗanda Ba Su Fito Kasuwa Ba

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa ta Jihar Katsina, ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa da rakiyar kalangu. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yunin 1999, aka binne shi a Daura.

Cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara akwai Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta. Ya sha rera ta, kowane karo da sababbin ɗiyoyi. Akwai waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da ta Garba Bichi, da ta kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba duniyar wata a 1969.

Sai dai abin da ya fito a faifan garmaho da kaset ɗin kasuwa wani yanki ne kawai na aikinsa. Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake ƙirƙirar ta a gaban jama'a, a fada ko a gidan biki. Wadda aka yi sa'ar naɗewa ta tsira, wadda ba a naɗe ba sai abin da mahalarta suka riƙe a ka.

Wasu daga cikin waɗanda aka naɗe suna ajiye a gidajen rediyo irin su Rediyon Tarayya na Kaduna, wasu kuma suna hannun masoyansa da iyalan mutanen da ya wasa. Zafi da laima suna cin zaren kaset. Wanda ba a kwafe zuwa kwamfuta ba, ranar da ya lalace waƙar da ke kansa ta tafi ke nan.