Laƙabin "Shago" Da Matsalar Takwarori A Tarihin Damben Gabashin Sakkwato

Maƙasudin wannan takarda shi ne a jawo hankalin masu nazarin wasannin gargajiya ga wata matsala wadda ke fuskantar duk wanda ya yi niyyar rubuta tarihin dambe, watau yadda 'yan dambe da dama kan amsa suna ɗaya. An ɗauki yankin Wurno da Raɓa da Goronyo don kafa misali, domin daga ƙasar Gandi, cikin Raɓa, Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya fito, wanda kalangunsa ya kai sunan Shago ko'ina a ƙasar Hausa.

Kamar yadda aka sani, dambe wasan kaka ne, kuma an fi danganta shi da mahauta. In an kawar da amfanin gona, sai samari su yi ayari su bi garuruwa da makaɗansu. Ɗan dambe kan naɗe hannu ɗaya da zare, ya bar ɗayan don kariya, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Abin lura a nan shi ne, cikin wannan tsari duka ba a ɗora kowa bisa sikeli, ba a kuwa rubuta sunan kowa cikin littafi.

Kafin a shiga batun Shago, yana da kyau a dubi yadda al'amarin yake a damben Turawa, domin su ma ba su tsira daga takwarori ba. Wani yaro Ba'amurke mai suna Walker Smith ya ari katin rajistar wani Ray Robinson don a bar shi ya yi wasa, tun da shekarunsa ba su kai ba. Sunan aro ya bi shi, aka ƙara masa "Sugar", ya ci kambin duniya na ajin laba 147 a 1946, sa'an nan na ajin laba 160 a 1951. Bayan shekara talatin da 'yan kai sai ga wani, Ray Leonard, shi ma ana ce masa Sugar Ray, ya ci kambin ajin laba 147 a 1979, na laba 160 kuwa a 1987. Laƙabi ɗaya ke nan, aji iri ɗaya har sau biyu. Haka nan Arnold Cream ya ɗauki sunan Joe Walcott mutumin Barbados, wanda ya riƙe kambi tun 1901, shi kuma ya ci nasa na masu nauyi a 1951. Duk da haka ba wanda ke rikita waɗannan mutane, saboda kowace karawa an rubuta ranarta da garinta da nauyin kowa, mujallar The Ring kuma tana fitowa tun 1922.

Mu namu littafin rajistar shi ne bakin makaɗi. Shago laƙabi ne, ba sunan yanka ba (ba shi kuma da dangantaka da shagon tela ko na ɗan tireda, wanda aro ne daga Ingilishi). Ɗan'anace ya yi wa 'yan dambe da manoma waƙoƙi masu yawa, har da Ɗandunawa, babban abokin karawar Shago, amma waƙar Shago ita ce ta yi fice. Gidajen rediyo suka riƙa sa ta, daga baya kaset ya shigar da ita kasuwanni da tasoshin mota, har mutanen da ba su taɓa tsayawa a da'irar dambe ba suka san Shago. Ɗan'anace ya rasu cikin shekarun 1980, waƙar kuwa ba ta daina yawo ba. To, a nan ne wahalar take. Waƙar yabo ba ta da ruwa da shekara ko wata, aikinta kambamawa ne. Tana gaya mana cewa gwarzo ya yi kisa, ba ta gaya mana yaushe ba, kuma da wuya ta ambaci ranar da shi aka kashe shi.

Daga baya sunan ya sake kama. A gidajen dambe na birane, irin na Kano da na Dei-Dei a Abuja, kalmar "Shagon wane" ta zama tana nufin yaron wane, watau wanda ya tashi a hannunsa yake kuma kare sunan gidansa. Wanda ya bi rahotannin damben da sashen Hausa na BBC ya riƙa kawowa a shekarun 2010 zai tuna da sunaye irin su Shagon Mada. Ba Shago kaɗai ba, akwai Bahago ga mai naɗe hagu, da Dogo, da Auta, kamar Bahagon Sanin Kurna da Dogon Kyallu da Autan Faya. Har sunan kan hau bisa suna, a ji an ce Shagon Bahagon wane. Wannan salsala ce sosai, tamkar yadda almajiri ke jero malamansa. Tun da kuwa ubangida ɗaya na iya yaye yara fiye da ɗaya, yana yiwuwa mutum biyu ko uku su amsa laƙabi guda, ko dai a jere ko ma a zamani ɗaya.

A ganina, wannan tsari yana yin wani ɓangare na aikin da sikeli da kati ke yi wa Turawa. Da an kira sunan ɗan dambe, 'yan kallo sun san gidan da ya fito, da hannun da yake naɗewa, da ɓangarensa, ko Arewa ko Kudu ko Guramada. Sun kuma san wanda bai kamata ya miƙa wa hannu ba, domin bisa al'ada 'yan gida ɗaya ba su karawa da juna. Batun girman jiki kuwa ido ke auna shi, ɗan dambe kuma yana da ikon ya ƙi wanda ya ga ya fi ƙarfinsa. Sai a 'yan shekarun nan ne kamfanonin da ke shirya dambe don nunawa a talbijin da intanet suka fara raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi.

Amma fa abin da ya sauƙaƙa wa ɗan kallo shi ne ya tsananta wa mai tarihi. A ce mai bincike ya zauna da wani dattijo a Lahodu ko Achida, dattijon ya ce ya ga damben Shago da idonsa. Ba ƙarya ya yi ba, amma wane Shago? In mai binciken bai tambaya ba, zai ɗauki kisan da wani ya yi ya ɗora wa na Ɗan'anace, domin babban suna kan haɗiye ƙanana. Ta haka sai gwarzo ɗaya ya tashi da dambe na shekara hamsin a garuruwan da bai taɓa takawa ba, su kuwa sauran mazajen da suka zubar da jininsu a fage su ɓace daga tarihi ɗungum. Wannan zalunci ne ga ɓangarorin biyu, kuma da zarar an buga shi cikin littafi, ɗalibai za su yi ta kwafa.

Saboda haka bai isa a rubuta laƙabi kawai ba. Lalle ne a nemi garin mutum, da ubangidansa, da makaɗin da ke yi masa take, da hannun da yake naɗewa, da wanda ya kara da shi a ranar da ake magana. Makaɗa da 'yan amshinsu sun fi kowa amfani a nan, domin abincinsu ya rataya ga bambance gwarzo daga gwarzo, kuma ba su kaɗa wa wani taken wani.

Batun shekara shi ya fi wuya. Dattawa kan ce abu ya faru "zamanin Sarkin Musulmi Abubakar", alhali kuwa Sarkin Musulmi Abubakar na III ya yi sarauta daga 1938 har 1988, shekara hamsin cur, wadda ta isa a haifi ɗan dambe ya yi tashe ya tsufa. Ya fi kyau a ja mai ba da labari zuwa ga abubuwan da mutanen wannan yanki ba su mantawa: kafin rasuwar Sardauna ɗan Raɓa a 1966 ko bayanta, lokacin ana kashe sule da fam ko bayan shigowar Naira a 1973, kafin farin shekarun 1970 ko bayansa, kafin a gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 ko kuwa bayan ruwa ya kwanta. Ko tambayar nawa aka biya a ƙofa tana da amfani, domin damben kaka na dandali ba a biyan kuɗin shiga, na gidan dambe kuwa sai da tikiti.