Iyakar Ikon Doki: Yaƙin Barade da Mutanen Duwatsu a Kudancin Zazzau a Ƙarni na 19

Masu nazarin tarihin Daular Usmaniyya sun daɗe da amincewa cewa doki shi ne ƙashin bayan rundunar sarakuna, kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, a ƙasar da ta tashi daga Kagoma zuwa Kagoro da Kwoi, fifikon barade bai zama cikakken mulki ba, domin yanayin ƙasa da tsadar doki su ne suka yanka wa Zazzau iyaka. Bayan da Malam Musa ya karɓi Zariya a farkon ƙarnin, an kafa masarautar Jama'a wajen 1810 a hannun Malam Usman Yabo, tana biyayya ga Zazzau kamar Keffi da Nasarawa. Amma kasancewar sarki a Jama'ar Darroro abu ne daban, biyayyar kowane ƙauye da ke kan dutse kuma abu ne daban.

Barde mai lifidi da sulke yana buƙatar fili domin sukuwa, yana buƙatar rani domin rafuka su janye, dokinsa kuma na buƙatar hatsi da harawa da bara mai kula da shi. A kurmin kudu akwai ƙudan tsando mai sa wa dabba sammore, don haka dawakin da aka sayo daga arewa da tsada ba sa daɗewa. Su kuwa Gwong na Kagoma da Kagoro da Ham (wato Jaba) na Kwoi da Bajju sun san inda ƙarfinsu yake. Sun kafa gidaje a kan duwatsu ko a gindinsu, da dama sun kewaye su da shingen ƙyarana, suka bar ƙananan hanyoyi da mahayi ba zai bi da gudu ba. A irin wannan wuri ɗan baka mai kibiyar dafi ya fi barde amfani, domin da zarar mahayi ya sauka ya zama dakare mai nauyin kaya. Shi ya sa yaƙin ya fi zama na hari: a faɗa wa manoma a gona, a kwashi mutane, a juya kafin damina.

Tarihin Turai ya ba da misalin da ke haskaka wannan batu. A 1648 mayaƙan Kozak na Yukren, ƙarƙashin Bohdan Khmelnytsky, sun karya rundunar tarayyar Folan da Lituwaniya a Zhovti Vody da Korsun, alhali baraden Folan na cikin mafiya ƙarfi a zamaninsu. Dabarar Kozak ita ce su ɗaure amalanke su yi ganuwa, su yi harbi daga ciki, wato su gina wa kansu tudun da babu shi a filin. Amma ƙawayensu Tatar na Kirimiya ne suka ba su dawakin bin abokin gaba, kuma da Tatar suka janye a Berestechko a 1651, sai aka ci Kozak da yaƙi. Mai tsaron ganuwa ko dutse yana iya hana a ci shi, amma da wuya ya fita fili ya ci wani.

Za a iya cewa kwatancen bai dace ba, tunda Kozak suna da bindigogi da shugaba guda, mutanen kudancin Zazzau kuwa kowace ƙabila da dattawanta. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa tsayin dakarsu bai haifar da daula ba. Amma bai rushe hujjar ba, domin abin da ake kwatantawa shi ne yadda mai ƙafa ke hana doki fili. Suka mafi nauyi ita ce yawan bayin da aka kwasa, wanda M. G. Smith ya nuna muhimmancinsa ga tattalin Zazzau a littafinsa na 1960. Ba wanda zai raina wannan masifa, kuma har yau zafinta bai bar zukatan zuriyar waɗanda abin ya shafa ba. Sai dai yawan hari shi kansa shaida ne na rashin mulki, domin garin da ya shiga amana yana biyan gandu ne a madadin hari. Inda ake komawa da mashi kowane rani, can ne ba a miƙa wuya ba.

Turawa ma sun tarar da wannan bambanci bayan sun shiga Zariya a 1902. Sun bar Kagoro da Jaba da Marwa a matsayin gundumomi masu cin gashin kansu, Kagoma kuwa aka sa ta ƙarƙashin Sarkin Jama'a, wanda aka mayar da fadarsa Kafanchan a 1933. Ikon da masarauta ta samu a kan ƙauyukan dutse a ƙarni na 20 ya dogara ne da bindigar Turawa fiye da takobin barade.