Rusaifa da Allurar 'Yan Mata

Rusaifa unguwa ce a yammacin Makka, inda aka gina tashar jirgin ƙasa mai zuwa Madina. Hausawa suna da yawa a nan, da Shara Mansur da Hindawiyya. Kakannin waɗansunsu sun baro ƙasar Hausa tun 1903, sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, suka bi ta Sudan a ƙasa, suka ƙetare Bahar Maliya. Har yau labarin gida bai yanke musu ba, gama kowace shekara alhazai suna kawo shi.

A shekarar 2022 hukumar lafiya ta Saudiyya ta soma bin makarantu tana yi wa 'yan mata wata allura. Rigakafi ce ta wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira HPV, wadda ake ɗauka ta wajen saduwar mace da namiji, ita ce kuwa ke jawo mafi yawan sankarar bakin mahaifa. Nijeriya ma ta fara tata ran 24 ga Oktoba, 2023, ga 'yan shekara 9 zuwa 14, har da Kano a zagayen farko. To, me zai sa uba ya yarda, ko ya ƙi?

Ba yau aka fara wannan gardama ba. Zamanin agana mutane sun sha ɓoye 'ya'yansu in mai lamba ya shigo gari. Amma agana cuta ce da ido ke gani, ga zanzana a fuska, ga makafi. Haka sanƙarau. Da ya ɓarke a Hajjin 1987, Saudiyya ta wajabta allurarsa ga alhazai. Mai son ganin Ka'aba kuwa ba ya jayayya da allura.

Abin da ya ɓata zukata a Kano ya faru. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, har aka hana 'yan ƙasar zuwa Hajji a shekaran nan. Ana cikin wannan masifa sai kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani, Trovan, cikin binciken da ya haɗa yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan fa ba rigakafi ba ne, amma a wurin talaka duk maganin Bature ɗaya ne. Saboda haka da aka baza ji-ta-ji-ta a 2003 cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, sai maganar ta sami wurin zama. Kano ta dakatar da aikin, ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta yaɗu, ta kai Sudan, daga baya kuma ta kai Yaman da Saudiyya kanta, har aka riƙa ɗiga wa alhazan Nijeriya maganin a filin jirgi.

Allurar 'yan mata ta fi waɗannan duka wuyar karɓa. Ba a tambayar ta a bakin iyaka. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru da yawa, yarinya ta riga ta zama uwa. Ga tsohon tsoron nan na haihuwa, ko da yake tun 2006 ake yin allurar a duniya, bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Ga kuma kunya, don uba yakan ji kamar an zargi tarbiyyar 'yarsa, alhali kuwa mace kamila tana iya ɗaukar ƙwayar a ɗakin mijinta.

A Rusaifa akwai wani abu kuma. Allurar makaranta ɗaliba take samu. Yarinyar da iyayenta ba su da igama, watau takardar izinin zama, da wuya sunanta ya shiga rajistar makarantar gwamnati, balle a aiko wa ubanta takardar neman yardarsa.